Mai bincike baƙo a sabon birni: ya kama gida kafin ya tashi, ko sai ya isa?

Mai_Kundi:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so mu tattauna. Mutum ya samu gayyata daga wata jami'a ko cibiyar bincike a wata ƙasa, zai je ya yi wata shida zuwa shekara a matsayin mai bincike baƙo. Biza ta fito, tikiti ya samu. A ganina babban kuskuren da ake yi shi ne biyan kuɗin haya tun mutum bai taka garin ba. Gara ya sauka a masaukin wucin gadi na sati biyu ko uku, ya zagaya ya ga gidaje da idonsa, sannan ya sa hannu. Wasu kuma suna cewa wannan ɓata lokacin bincike ne. Me kuka gani? Kuma wane abu ne dole a yi shi a satin farko, wane ne zai iya jira?

Abu_Safiyya:
Wa alaikumus salam. Malam, ina tare da kai ta fuskar damfara. Salon 'yan damfarar haya kusan iri ɗaya ne ko'ina: hotuna masu kyau, kuɗi ƙasa da na unguwar, mai gida ya ce yana wata ƙasa ba zai iya nuna ɗakin ba, a turo kuɗin ajiya zai aiko da makulli. Da an tura shi ke nan. Alamomi uku sun isa mutum ya janye: an ƙi nuna gidan ko da ta kiran bidiyo kai tsaye, an ce a tura kuɗi ta hanyar da ba a iya dawo da su, an matsa cewa yau ne kawai dama. A kuma sa hotunan a binciken hoto na Google, sau da yawa za a tarar an kwaso su daga tallan wani gida a wani gari daban.

Tsohon_Magatakarda:
Maganarku tana kan hanya, sai dai kun tsallake abin da ya fi muhimmanci. A ƙasashe da yawa adireshi ba wurin kwana ba ne kawai, shi ne mabuɗin sauran takardu. Ɗauki Jamus. Doka ta ce ka yi rajistar adireshi a ofishin gari cikin sati biyu da shiga gida, kuma tun Nuwamban 2015 ba za a yi maka ba sai da takardar da mai gidan ya sa wa hannu yana tabbatar da cewa ka shiga. Bayan rajistar ne lambar haraji take zuwa ta gidan waya. Bankuna da yawa suna neman takardar rajistar kafin su buɗe asusu. Ofishin biyan albashi yana neman asusun da lambar harajin. Ofishin baƙi ma yana neman rajistar kafin ya ba da izinin zama. To idan mutum ya sauka a otal ko ɗakin da aka kama ta Airbnb, shafin hayar ɗakuna na ɗan lokaci, mai wurin ya ce ba ya ba da wannan takarda, sati ukun da Malam Mai_Kundi yake cewa ba sati uku ba ne kawai. Komai ya tsaya cik, sai an samu gida sannan a fara ƙirga.

Don haka tambayar da za a yi wa masaukin wucin gadi kafin a biya ita ce: za ku ba ni takardar da zan yi rajista da ita? In sun ce a'a, a nemi wani.

Uwar_Lissafi:
Ranka ya daɗe ka taɓo inda yake. Ba Jamus kaɗai ba ce. A Holan wanda zai wuce wata huɗu ana so ya yi rajista a ƙaramar hukuma cikin kwana biyar da isowa, a nan ake ba shi lambar shaidar mazauni ta BSN wadda ba a biyan albashi sai da ita. A Japan kwana 14 ne bayan ka samu matsuguni. A Italiya kwanakin aiki takwas kake da su ka shigar da takardar neman izinin zama. A Indiya mai bizar da ta wuce kwana 180 yana yin rajista da ofishin baƙi cikin kwana 14. Kowace ƙasa da agogonta, kuma agogon yana fara bugawa ko ka sani ko ba ka sani ba.

Ɗan_Kimiyya:
Mafita mafi sauƙi dai gidan baƙi na jami'ar. Ana iya biyansa daga nesa babu fargaba, kuma suna ba da takardar rajista. Matsalarsa layi. A rubuta musu ranar da takardar gayyata ta iso, kada a jira biza.

Mai_Kundi:
Ɗan_Kimiyya, in an samu ai babu gardama. Amma ɗakunan kaɗan ne, musamman ga wanda zai iso a Satumba ko Oktoba lokacin da ɗalibai suke cika gari. Wanda bai samu ba fa?

Dakta_Maijidda:
Wanda bai samu ba ya koma ga sakataren sashen da zai zauna, ba ga farfesan da ya gayyace shi kaɗai ba. Farfesa yana da niyya mai kyau amma galibi bai san yadda kasuwar haya take ba, ya daɗe a gidansa. Sakatare shi ya san malamin da zai tafi hutun bincike na shekara yana neman wanda zai zauna masa a gida, ya san ɗalibin digiri na uku da zai tafi aikin fili na wata shida. Irin waɗannan gidaje sun fi dacewa da mai bincike baƙo: da kayan ɗaki, da intanet a haɗe, wa'adi a yanke. A roƙi sakataren ya tura gajeren saƙo ga dukkan ma'aikatan sashen: wane ne, daga wace rana zuwa wace rana, mutum nawa, iyakar abin da zai iya biya. Layi huɗu ya isa.

Abu ɗaya za a kiyaye. Idan wanda zai ba ka gidan shi ma ɗan haya ne, a tabbatar ainihin mai gidan ya yarda a rubuce. In ba haka ba ana iya tashin ku duka, kuma ba za ka iya rajista da adireshin ba. Ga masu zuwa Turai akwai cibiyoyin EURAXESS da aka kafa domin masu bincike masu ƙaura, suna ba da shawara kyauta kan gida da biza da makarantar yara.

Baban_Amira:
Ni ban yarda a ce kada a taɓa biya daga nesa ba. Mai zuwa da iyali ba zai iya zama da mata da yara biyu a ɗaki ɗaya na sati uku yana yawon neman gida ba, ga shi a wurare da yawa adireshi ne yake yanke makarantar da yaro zai shiga. Abin da za a yi shi ne a samu wani daga sashen ya je ya ga gidan da ƙafarsa, ya buɗe famfo, ya kunna wuta, ya ga mai gidan ido da ido. In an yi haka haɗarin ya ragu ƙwarai.

Abu_Safiyya:
Baban_Amira, na karɓi wannan. In akwai idon da ka amince da shi a wurin, ba daga nesa ka biya ba ke nan.

Lauyan_Haya:
Bari in shigo da maganar yarjejeniya, domin a nan kuɗi suke salwanta fiye da wajen 'yan damfara.

Na farko, wa'adi. Akwai yarjejeniyar da aka yanke wa rana, akwai wadda ba ta da iyaka sai an ba da sanarwa. Mai yankakkiyar rana galibi ba a fita daga cikinta kafin lokaci. In ka sa hannu kan wata 12 alhali zamanka wata bakwai ne, ragowar biyar suna wuyanka. Wadda ba ta da iyaka kuma tana da wa'adin sanarwa. A Jamus wata uku ne ga ɗan haya, kuma a rubuce da sa hannu a takarda, imel ba ya wadatarwa. Mai zaman wata shida ke nan zai ba da sanarwar tashi tun yana tsakiyar zamansa. Mutane da yawa ba sa lura sai sun zo haɗa kaya.

Na biyu, kuɗin ajiya yana da iyaka a dokar ƙasashe da dama. A Jamus ba ya wuce hayar wata uku ba tare da kuɗin ɗumama da ruwa ba, kuma kana da damar biya kashi uku. A Ingila dokar 2019 ta tsayar da shi a hayar sati biyar ga yawancin gidaje, kuma dole mai gida ya sa shi a tsarin ajiya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Amma wanda ya kama ɗaki a gidan da mai gidan yake ciki, wannan kariyar ba ta hau kansa ba. A Faransa wata ɗaya ne ga gidan da babu kaya, wata biyu ga mai kaya, sannan tun 2018 akwai wata yarjejeniya ta musamman ta wata ɗaya zuwa goma ga masu zuwa aikin wucin gadi ko karatu, wadda ba a karɓar kuɗin ajiya a cikinta sam. Mai bincike baƙo ya tambaye ta da kansa, ba kowane mai gida ne zai ambata ba.

Na uku, ranar shiga. Kafin ka ajiye akwati ka ɗauki hoton kowane bango, ƙasan ɗaki, cikin tanda, bayan ƙofa, gefen taga, da lambar da ke kan mitar wuta da ta ruwa da ta gas. A rubuta duk tabon da aka gani a takardar miƙa gida, ku biyu ku sa hannu, ka tura wa mai gidan hotunan ta imel a ranar domin kwanan watan ya zauna. Abin da ba a rubuta ranar shiga ba, kai za a ɗora wa ranar fita.

Maman_Khalil:
Allah ya saka da alheri Lauya. A ƙara da tambayar ko kuɗin ɗumama ɗaki yana cikin haya. A ƙasar sanyi gidan da ya yi araha a takarda yana iya fin kowanne tsada idan hitar lantarki ce kuma tagoginsa gilashi ɗaya ne.

Injiniya_Sabo:
Tunda Maman_Khalil ta kawo sanyi, ga abin da ke cinye kuɗin ajiyar baƙi da yawa: baƙin fumfuna a bango. Wanda bai saba da hunturu ba yakan rufe tagogi ruf, ya shanya wanki a ɗaki, ya kashe hita don tsimi. Danshin numfashi da wanki da girki ya sauka kan bango mai sanyi, cikin 'yan makonni kusurwar bayan kabad ta yi baƙi. Maganinsa a buɗe taga gaba ɗaya na minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana, maimakon a bar ta a ɗan buɗe yini guda. Kada zafin ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 16, a bar tazarar tafin hannu tsakanin kabad da bangon waje, danshi kuma ya tsaya ƙasa da kashi 60. Ƙaramin ma'aunin danshi yana nuna wannan.

Sai wuta. Amurka da Kanada volt 120 suke amfani da shi, Japan 100, Turai da yawancin Afirka da Asiya 220 zuwa 240. Adafta siffar fulogi kawai take canzawa, ba ta canza ƙarfin wuta. A duba jikin caja: in an rubuta 100 zuwa 240, ko'ina za ta yi. Dutsen guga da butar lantarki da na'urar busar da gashi yawanci ƙarfi ɗaya suke ɗauka, a bar su a gida. Wanda zai tafi da ƙaramar na'urar gwaji mai injin juyawa ya duba har da 50 ko 60 na bugun wutar, domin gudun injin yana canzawa.

Uwar_Lissafi:
Mu dawo kan kuɗi, domin shawarar Malam Mai_Kundi ta masaukin wucin gadi tana da tsada, kuma tana faɗowa daidai lokacin da aljihu ya fi rauni. Alawus ɗin farko ba ya zuwa ranar da ka iso. Ofishin biya yana da ranar rufe lissafin wata. In takardunka suka isa bayan ranar, sai ƙarshen watan gaba. A lissafa haka: kuɗin ajiya, hayar watan farko, masaukin wucin gadi, tikitin mota na wata, inshora, da cefanen wata biyu, duk daga aljihunka kafin a biya ka ko sisi. A tambayi ofishin tun kafin tafiya ko suna ba da wani kaso a gaba. Wasu masu ɗaukar nauyi suna yi, amma sai an nema.

Sannan a sanar da bankin gida cewa za a yi tafiya, a duba iyakar abin da katin yake iya cirewa a waje da ranar ƙarewarsa. A tafi da kati biyu na bankuna daban. Idan na'urar cire kuɗi ta tambaya ko a lissafa da kuɗin ƙasarka ko na ƙasar da kake, a zaɓi na ƙasar da kake, domin canjin da na'urar take yi da kanta ya fi cuta.

Tsohon_Magatakarda:
Hajiya ta yi daidai. Ƙari ɗaya: a ƙasashen Tarayyar Turai, dokar 2014 ta ba duk mai zama bisa ƙa'ida haƙƙin buɗe asusu na asali. In banki ya yi ta jan ƙafa, a nemi wannan asusun da sunansa. Kuma a liƙa suna a akwatin wasiƙa ranar da aka shiga gida. A Jamus mai raba wasiƙa da sunan da ke jikin akwati yake aiki, in bai gani ba ya mayar. Katin banki da lambar sirrinsa a ambulan daban-daban suke zuwa, ɗaya ya ɓata sai a sake daga farko.

Ɗan_Kimiyya:
Kada a yar da layin waya na gida. Bankinka da imel ɗinka da shafin jami'arku duk can suke tura lambar tabbatarwa. A kunna masa yawon ƙasashen waje kafin a tashi, a gwada, a san tsawon lokacin da kamfanin yake bari kafin ya rufe layin da ba a amfani da shi. Inda zai yiwu a mayar da tabbatarwar kan manhaja irin Google Authenticator, a buga lambobin ko-ta-kwana a takarda. Haka eduroam, wato Wi-Fi ɗin da jami'o'i da yawa a duniya suke tarayya a kai: a saita shi a kwamfuta da waya tun kana jami'arku, da ka shiga harabar masu masaukinka zai haɗu da kansa ko ba su buɗe maka asusu ba tukuna.

Dakta_Maijidda:
Ga masu zuwa Amurka lissafin ya ɗan bambanta, babu rajistar adireshi a ofishin gari. Abin da ke gaba shi ne kai kanka ofishin baƙi na jami'ar su tabbatar da isowarka a tsarin SEVIS, rajistar gwamnati ta ɗalibai da masu bincike baƙi. Mai bizar J-1, bizar baƙin musayar ilimi irin masu bincike, yana iya shiga kwana 30 kafin ranar da ke kan DS-2019, takardar da jami'ar take bayarwa domin neman bizar, kuma yana da kwana 30 bayan ƙarewa ya tattara ya fita, amma ba ya aiki a cikinsu. In ya sauya gida yana da kwana goma ya sanar. Kada ya je neman lambar Social Security, wadda ake aiki da ita wajen albashi da haraji, kafin a tabbatar da shi a SEVIS, za a tarar babu shi a kwamfuta, abin ya ƙara daɗewa. Ya kuma buɗe shafin I-94, inda ake ajiye bayanin shigowarsa ƙasar, ya ga an rubuta rukunin bizarsa daidai.

Inshorar J-1 tana da ƙa'ida a doka: aƙalla dala 100,000 ga kowace rashin lafiya ko haɗari, 50,000 na ɗaukar marar lafiya zuwa gida, 25,000 na mayar da gawa, kuma abin da mutum zai biya da kansa kafin inshora ta shiga kada ya wuce 500. Inshorar tafiya da ake saya tare da tikiti sau da yawa ba ta cika wannan ba.

Abin da na fi so a kula da shi kuwa rukunin da aka sa mutum a cikin bizar J-1 ne. Mai gajeren zama iyakarsa wata shida, ba a ƙarawa. Mai dogon zama yana iya kaiwa shekara biyar, amma da ya gama sai ya jira wata 24 kafin ya sake dawowa a wannan rukunin. Wanda yake shirin zuwa sau biyu ko uku a kan aiki ɗaya ya tattauna wannan da ofishin kafin su buga takardar. A kuma duba ko sharaɗin komawa gida na shekara biyu ya hau kansa.

Malam_Na_Laburare:
Ina karanta ku tun ɗazu, duk maganar gida da banki ake yi, alhali mutumin bincike ya je yi. Wata shida ba shi da yawa. In aka cire watan farko na takardu da satin ƙarshe na haɗa kaya, aka cire hutun ƙarshen Disamba ko watan Agusta da wurare da yawa a Italiya da Faransa suke zama kamar an share, abin da ya rage bai fi wata huɗu ba. Don haka ni a wurina amsar tambayar ita ce: duk zaɓin da zai sa ka zauna a teburinka da wuri shi ne daidai, ko da gidan bai yi maka yadda kake so ba.

Katin shaida na jami'a shi ne ƙofar ɗakin karatu da ginin da asusun kwamfuta, kuma ba a buga shi sai an shigar da sunanka a rajistar ma'aikata. A tura fasfo da hoto da duk fom tun wata guda kafin tafiya. Mai aiki da tsofaffin takardu ya sani cewa gidajen adana tarihi da yawa suna neman wasiƙar gabatarwa, suna da iyakar fayil ɗin da ake fitarwa a rana, wasu kayan kuma a wani rumbu suke a bayan gari sai an yi oda kwanaki kafin a zo. A yi odar farko tun kafin a hau jirgi.

Hajiya_Lab:
Malam_Na_Laburare ya faɗi gaskiya, kuma a ɓangarenmu abin ya fi tsanani. Ba a barin kowa ya taɓa komai a ɗakin gwaje-gwaje sai ya yi horon kariya, wani wurin kuma sau ɗaya a wata ake yin horon. Ka iso kwana biyu bayan an yi, ka zauna kallo. Mai aiki da jini ko ƙwayoyin cuta za a nemi shaidar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda a tsarin da aka saba allura uku ce cikin wata shida, ba abin da ake farawa ana gobe tafiya ba. Mai aiki da dabbobi ko mutane yana buƙatar a ƙara sunansa a takardar amincewar kwamitin ɗa'a, kwamitin kuma yana da ranakun zamansa.

Samfuri kuma kada a kuskura a sa shi a akwati a yi shiru. Ana buƙatar yarjejeniyar miƙa kaya tsakanin cibiyoyin biyu, da izinin fitarwa, da izinin shigarwa. In tsiro ne ko ƙasa ko ƙwayar halitta, Yarjejeniyar Nagoya kan amfani da albarkatun halittu na ƙasashe, da ta fara aiki a 2014, tana iya shafarsa, kuma mujallu suna tambayar takardun lokacin wallafa. Busasshiyar ƙanƙarar sanyaya samfuri da fasinja zai ɗauka ba ta wuce kilo biyu da rabi, da amincewar kamfanin jirgi, a mazubin da iska take fita.

Abu_Safiyya:
A ƙara da izinin bincike, wanda daban yake da biza. Kenya tana da hukumar NACOSTI, Tanzaniya tana da hukumar COSTECH, dole a samu takardarsu kafin a fara tattara bayanai. A Birtaniya wasu fannonin kimiyya da injiniyanci suna buƙatar takardar ATAS, wato amincewar gwamnati ta fuskar tsaro, ga 'yan ƙasashe da yawa, tun 2021 har da masu bincike, ba ɗalibai kaɗai ba.

Baban_Amira:
Tambaya ga Tsohon_Magatakarda. Wanda yake da izinin bincike a wata ƙasar Turai, zai iya zuwa wata ya yi wata biyu a wani ɗakin gwajin?

Tsohon_Magatakarda:
Zai iya, ƙarƙashin dokar Tarayyar ta 2016 kan masu bincike: har kwana 180 cikin 360 a ƙasa ta biyu, sai dai wasu ƙasashen suna so cibiyar da za ta karɓe shi ta sanar da hukuma tukuna. Denmak da Ailan ba sa cikin tsarin. Sharaɗin shi ne izinin nasa ya kasance na mai bincike ne, wanda aka bayar bisa yarjejeniyar karɓar baƙo da cibiyar ta sa wa hannu. Wanda ya shiga da gajeriyar bizar Schengen, ta ziyarar gungun ƙasashen Turai da babu shinge a tsakaninsu, kwana 90 cikin 180 kawai yake da su, kuma galibi ba a mayar da ita izinin zama daga ciki.

Maman_Khalil:
Akwai abin da ba takarda ba ne amma yana karya mutane. Sati na uku zuwa na shida, bayan hidimar isowa ta lafa, kaɗaici yake sauka. A Landan ranar Disamba ba ta kai awa takwas ba, a Stockholm wajen shida ce. Mutum ya fita da duhu ya dawo da duhu, babu wanda ya yi masa magana in ban da gaisuwa. Wannan ma yana cikin dalilan zaɓen gida. Ɗaki ƙarami mai tafiyar minti 20 zuwa ofis ya fi babban gida mai canjin mota biyu, domin na nesa shi ne yake fara cewa yau a gida zan yi aiki, daga nan sai sati ya wuce bai ga kowa ba.

A nemi a gabatar da aiki a taron sashen cikin watan farko, kada a bari sai ƙarshe. Da mutane sun ji abin da kake yi za su fara ƙwanƙwasa maka ƙofa. A zauna cin abincin rana tare da ɗaliban digiri na uku, su suka san wace na'ura ce ta lalace da wanda ke riƙe da makullin ta biyun. A yi rajista da likita tun ana lafiya. Mai shan magani kullum ya tafi da wasiƙar likita mai ɗauke da ainihin sunan sinadarin, ba sunan kamfani ba, maganin kuma a kwalinsa. Masu ɗauke da kodin ko tramadol ana tsananta musu a ƙasashe da yawa, a duba dokar ƙasar kafin a sa a jaka.

Dakta_Maijidda:
Yaya Maman_Khalil, wannan magana ta gabatarwa da wuri tana da muhimmanci. Zan ƙara da zama ɗaya da mai masauki a satin farko, a rubuta shafi guda: me ake so a gama, sau nawa za a riƙa haɗuwa, sunan wa zai zo farko a maƙala, bayanan da aka tara na wa ne, kuma za a ci gaba da samunsu bayan an tafi ko asusun zai rufe ranar ƙarshe. Ana jin nauyin tayar da wannan magana, amma ta fi sauƙi kafin a samu sakamako.

Mai_Kundi:
Na gode ƙwarai. Na sassauta matsayina a kan mai iyali da wanda ya samu gida ta hannun sashe. Amma ga mutum ɗaya da zai shiga kasuwar haya kai tsaye, har yanzu ina kan cewa ya gani kafin ya biya, da sharaɗin da Tsohon_Magatakarda ya kawo na masaukin da ke ba da takardar rajista.

Malam_Na_Laburare:
Ni kuma ina nan a kan cewa ya danganta da tsawon zama. Wata uku zuwa huɗu, a kama mai kaya daga nesa ta hanyar da jami'a ta amince da ita, ko ya fi tsada, a fara aiki washegari. Shekara ɗaya, a nan neman gida na sati uku yana biyan kansa.

Lauyan_Haya:
Wanda zai bi hanyar Malam Mai_Kundi ya kama masaukin na wata guda cur, kada ya tsaya a sati biyu. Yawancin yarjejeniyoyi ranar ɗaya ga wata ko 15 suke farawa, kuma mai gida zai nemi shaidar samun kuɗi da wataƙila ba ta fito ba tukuna. A haɗa fayil ɗaya tun daga gida: fasfo, biza, wasiƙar gayyata mai nuna adadin alawus da wa'adinsa, da wasiƙar sashe da ke cewa sun san ka. Da shi za a riƙa zuwa duba kowane gida.

Baban_Amira:
Lauya, idan mai gida ya nemi wanda zai tsaya wa mutum kuma dole mazaunin ƙasar ne, jami'a tana tsayawa ko sai an bi ta kamfanonin da ke yin wannan? Kuma takardun haihuwar yara da na aure, fassarar da aka yi a gida tana wadatarwa ko sai ta mai fassarar da kotun can ta rantsar?